Sanin Lafiya da Haɗarin Kashe Kai: Halin da Yaran Hausawan Jazira da Nil Azrak Suke Ciki

A ƙarshen Oktoban 2024, bayan kwamanda Abu Aƙila Kaikal ya bar dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, ya koma ɓangaren sojan, RSF suka yi wa garuruwan gabashin jihar Jazira dirar mikiya. Tambul da Rufa'a da Sariha da Hilaliya duk sun ji a jikinsu. Cikin labaran da suka fito, wanda ya fi tayar wa mutane hankali shi ne na mata masu kashe kansu, wasu bayan an yi musu fyaɗe, wasu don gudun kada a yi musu. A Facebook da WhatsApp adadin ya yi ta hawa har ya haura ɗari, alhali babu mai iya nuna inda lissafin ya samo asali. Ƙungiyar kare mata ta SIHA, wadda ke bin diddigin irin waɗannan al'amura, ta shaida wa BBC cewa uku ta tabbatar a cikin mako guda.

Jama'a suka rabu biyu. Wasu suka riƙa yaɗa babban adadin, wasu suka ce duk ƙarya ce, Musulmi ba ya kashe kansa. A tsakiyar wannan ja-in-ja aka manta da waɗanda suka fi kowa rauni, wato yara 'yan shekara 10 zuwa 14, da suke gani suna ji, ba kuma a tambayar su komai. Sharhin nan a kansu yake, musamman na ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da bakin kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu.

Ma'anar kalmomin

Sanin lafiya, ko wayewar kai kan lafiya, ya wuce iya karanta takardar magani. Ana nufin mutum ya iya nemo bayani game da lafiyarsa, ya fahimce shi, ya tantance na gaskiya da na bogi, sannan ya yi aiki da shi. A shekarar 2000 wani masani, Don Nutbeam, ya kasa shi hawa uku. Na farko shi ne gane umarni: sha ƙwaya biyu bayan abinci. Na biyu shi ne iya yin magana da ma'aikacin lafiya, a yi tambaya, a bayyana inda ke ciwo. Na uku shi ne auna magana kafin a yarda da ita. Akwai kuma reshensa da ya shafi ƙwaƙwalwa da zuciya, wanda Anthony Jorm da abokan aikinsa a Ostireliya suka raɗa wa suna a 1997: mutum ya gane alamun ciwon damuwa a kansa ko a wani, ya san yana da magani, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kashe kai, da Larabci intihar, shi ma ba abu ɗaya ba ne. Akwai tunanin mutuwa da ke zuwa ya wuce, akwai tunanin da ya zauna har ya zama shiri, akwai yunƙuri, akwai kuma cutar da jiki ba da niyyar mutuwa ba, kamar yarinyar da ke ƙona hannunta ko yaron da ke buga kansa da bango. Kowanne da irin kulawar da yake buƙata. Haɗa su a kira su duka “iskanci” ko “neman a kula” shi ne kuskuren farko.

Ciwon damuwa kuma ba hauka ba ne. Yaro na iya zuwa gona, ya yi salla, ya gaishe da manya, amma ya shafe makonni ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga. A yara ma sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba. Yakan zo da saurin fushi, da ciwon kai ko na ciki da asibiti ta kasa gano dalilinsa.

Yadda aka zo nan

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Hanyar hajji ta ƙasa ta bi ta nan ɗaruruwan shekaru, sannan bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nil Azrak, kudu da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, shirin noman rani na Jazira ya buɗe, wanda daga baya faɗinsa ya haura fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne a Sudan), kuma hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin cirar audugarsa. Mafi yawansu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar da shirin ke ba manomi. Da yawa sun zauna a kambo, jam'insa kanabi, ma'ana zangon 'yan ƙwadago a gefen tur'a, magudanar ruwan noma, tare da mutanen Darfur da Kurdufan. An haifi kakanni a waɗannan zanguna, amma da yawansu har yau ba makaranta, ba ɗakin shan magani, ba famfo.

A ɗauki yaron da aka haifa a 2013 a wajen Rusairis ko Wad al-Mahi. Yana da shekara 9 aka yi rikicin Yuli da Oktoban 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta, inda ɗaruruwa suka mutu, dubun-dubata suka tsere zuwa Sinnar da Jazira da Nil Abyad, wato Farin Nilu. Yana da 10 yaƙi tsakanin soja da RSF ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, a Disambar wannan shekara kuma Wad Madani ta faɗa hannun RSF. Yana da 11 Sinja ta faɗi, a Yunin 2024. Soja sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, amma a daidai lokacin aka kai wa wasu kanabi farmaki bisa zargin sun mara wa RSF baya. A Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 26 da aka kashe. Wannan yaro ya yi gudun hijira sau biyu ko uku kafin muryarsa ta buɗe. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 a Sudan ba sa makaranta, makarantu da yawa kuma sun koma masaukin 'yan gudun hijira.

Ciwo da Hausa, magani da Larabci

Nan ne batun sanin lafiya ya sha bamban da na sauran wurare. Yaron ƙauyen Hausa a Jazira yana girma da harshe biyu. A gida da Hausa ake yi masa faɗa, da ita ake lallashinsa, da ita yake mafarki. Makaranta da rediyo da ɗakin musa'id ɗibbi, mataimakin likita da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, duk da Larabci suke. Larabcin ɗan shekara 11 ya ishe shi ciniki da wasa da amsa tambayar malami. Sau da yawa bai ishe shi bayyana abin da ke cin zuciyarsa ba. Uwarsa kuma, idan ba ta yi makaranta ba, ta fi shi ƙarancin kalmomin.

Hausa ba ta rasa kalmomi. Tana da ɓacin rai, da ƙunci, da zullumi, da firgici, da baƙin ciki, da ɗimuwa, kowace da gurbinta. Matsalar ita ce ba a ba yaro izinin amfani da su a kan kansa ba. Idan ya ce “raina a ɓace yake,” amsar da ya saba ji ita ce, “Kai ɗin me ka sani, me ka rasa?” Tarbiyyar kunya da kara da dauriya, wadda ta riƙe al'ummar nan shekara ɗari a baƙon wuri, ita ce kuma ke hana 'yar fari ta kalli uwarta ta ce an taɓa ta. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar na da gaskiyarsa, amma yaran da aka horar da su ɓoye fuska sun fi ƙarfinsa. Dole sai an tambayi baki.

Abin da yaro ke iya furtawa yakan zo a karkace: “Na gaji da duniya.” “Gara in mutu ku huta.” “Da ma ba a haife ni ba.” Ko ya ce da Larabcin gari “ana zahjan,” wato na ƙosa. Ko ya raba wa ƙannensa 'yan kayansa, ya bi abokai yana neman gafara ba tare da tafiya a gabansa ba. Babban da ya san ma'anar waɗannan yana da sanin lafiya ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Wanda bai sani ba, digirinsa bai amfane shi a nan ba.

Abubuwan da ke tura yaro

Ba a samun dalili ɗaya tak. Galibi nauyi ne ke taruwa, sannan wani ƙaramin abu ya zo ya ƙarasa. Nauyin a nan ba ɓoyayye ba ne: ganin kisa, rasa iyaye, yunwa, zaman cunkoso a ajin makaranta da ya zama ɗaki, da gorin “ku ba 'yan ƙasa ba ne” da yaro ke ji tun yana goye. Akwai fyaɗe, a Maris 2025 UNICEF ta ce an rubuta yara 221 da aka yi wa tun farkon 2024 a Sudan, kowa kuma ya san waɗanda ba a rubuta ba sun ninka haka. Akwai auren wuri, wanda yaƙi ke ƙara rura shi domin uba na ganin ɗakin miji ya fi zangon gudun hijira tsaro. Tun kafin yaƙin, binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na 'yan matan Sudan ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 12 kafin 15, kuma dokar iyali ta 1991 ta ba alƙali damar amincewa da auren 'yar shekara 10.

Abin da ke ƙarasawa kan zama dukan da aka yi gaban jama'a, ko zargin sata, ko wata magana da ta fita game da yarinya a unguwa. A waɗannan shekarun zuciya na riga hankali girma. Tsakanin shawara da aikatawa wani lokaci bai fi mintoci ba.

Me bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce sama da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma shi ne sanadin mutuwa na uku tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29. Ta kuma ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Alƙaluman Sudan ƙiyasi ne, domin ƙasar ba ta da cikakkiyar rajistar mace-mace mai nuna sanadi, a ƙauye kuma irin wannan mutuwa “zazzaɓi” ko “tsautsayi” ake kiranta.

Binciken da aka yi kan ɗaliban sakandare a ƙasar Sin ya sami alaƙa tsakanin ƙarancin sanin lafiya da cutar da kai. Sai dai a yi hattara da fassara shi. Ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Talauci da rashin makaranta na iya haifar da su duka biyun. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga gwajin da aka yi a makarantu 168 na ƙasashen Turai 10, kan ɗalibai kimanin 11,000, wanda mujallar Lancet ta buga a 2015. An ba wasu ɗaliban wani gajeren shiri mai suna YAM, na tattaunawa da wasan kwaikwayo kan damuwa da neman taimako. Bayan shekara guda yunƙurin kashe kai a cikinsu ya kai kusan rabin na waɗanda ba su samu ba. Abin lura shi ne ba lacca aka yi musu ba, an sa su gwada magana ne da bakinsu. Abin lura na biyu, yaran can suna da makaranta a buɗe da asibiti a kusa.

Saɓanin ra'ayi

Masu cewa wannan ba cutarmu ba ce suna da abin riƙewa. Ƙasashen Musulmi da dama na nuna ƙaramin adadi, kuma imani da zumunci garkuwa ne na gaske. Amma garkuwa ba ta hana a samu rauni, kuma inda abu ya zama abin kunya da laifi a doka, ƙarancin adadi na iya zama ƙarancin faɗa. Haramcin kashe kai a Musulunci ba abin muhawara ba ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta yanke shi. Sai dai shari'ar da ta haramta ita ce ta ɗauke alƙalami daga yaron da bai balaga ba da wanda hankalinsa ya gushe, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da Hausawa da sauran mutanen Sudan ke bi, sun tafi a kan cewa wanda ya kashe kansa ana yi masa wanka da salla. Malamin da ya faɗi haramcin ya tsaya nan ya faɗi rabin karatu.

Wasu na tsoron cewa tambayar yaro kai tsaye za ta dasa masa tunanin. An gwada wannan. A 2005 Madelyn Gould ta buga sakamakon bincike kan ɗaliban sakandare a jihar New York ta Amurka, ba a kuma ga tambayar ta ƙara musu tunanin kashe kai ba. Abin da aka tabbatar yana yaɗuwa shi ne labarin da aka bayar dalla-dalla, da hoto, da yadda aka yi, da kambama mamaci a matsayin gwarzo. Wasu saƙonnin da suka yi yawo a 2024 sun yi wannan kuskure, suka mayar da mutuwar matan Jazira abin yabo na kare mutunci. Yarinya 'yar 12 da aka ci zarafinta, idan ta ji haka, darasin da za ta ɗauka a bayyane yake.

Ra'ayi na uku ya fi nauyi. Masu shi na cewa maganar wayar da kai hanya ce ta ɗora wa talaka laifin halin da aka jefa shi: a ba kanabi ruwa da makaranta da tsaro tukuna. Gaskiya ne. Rahoton WHO na 2009 ya nuna likitan ƙwaƙwalwa a Sudan bai kai ɗaya ga mutum miliyan guda ba, mafi yawansu a Khartum, manyan asibitocin Tijani al-Mahi a Umdurman da Taha Ba'ashar a Bahri kuma yaƙi ya rutsa da su. Koya wa yaro ya nemi taimako inda babu mai taimako zalunci ne. Amma jiran a gama yaƙi kafin a yi magana shi ma ba mafita ba ne, domin ɗan shekara 12 ba zai tsaya a 12 yana jira ba.

Sai batun faki, malamin tsibbu, da mihaya, wato rubutun sha. Wasu ma'aikatan lafiya na ganin su ne ke jinkirta zuwa asibiti. Tarihin Sudan ya nuna wata hanya. Tijani al-Mahi, wanda ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, da Taha Ba'ashar da ya biyo bayansa, sun yi aiki tare da shehunan masid, wato zauren karatu da ibada, maimakon yaƙarsu. Malamin halwa, makarantar allo, yana ganin yaro safe da yamma. Idan ya san alamomin, ya san kuma lokacin da addu'a ke buƙatar rakiyar asibiti, ya fi kowace takardar manna bango amfani.

Doka

Sashe na 133 na dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara guda ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar yara ta 2010 ta sa shekara 12 a matsayin farkon ɗaukar alhakin laifi. Ko ba a kai kowa kotu ba, tsoron ɗan sanda a ƙofar asibiti ya isa ya sa iyali su ɓata sa'o'i suna jinya a gida, balle iyalin da takardun zama ɗan ƙasa suka daɗe suna ba shi wahala. Najeriya ma ta gaji irin wannan doka. Pakistan ta soke tata a 2022, Gana da Malesiya a 2023.

Abin da ke cikin ɗaki

Wannan ne sashen da ya fi sauƙin aiwatarwa, kuma shi aka fi sakaci da shi. WHO ta ƙiyasta kusan kashi 20 cikin 100 na kashe kai a duniya da maganin ƙwari na gona ake yi. Siri Lanka ta hana shigo da mafi haɗarinsu, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba. Jazira ƙasar auduga ce, maganin feshi na shiga gidan ɗan ƙwadago, a ajiye shi ƙarƙashin gado ko a kwalbar lemo. Haka sibga, baƙin rinin da ake haɗawa da lalle. Likitocin Wad Madani da Khartum sun daɗe suna rubutu kan gubarsa, har a cikin yara.

Tun da yunƙurin yaro sau da yawa na ɗan lokaci ne, kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya na iya zama abin da zai tsallakar da shi. Bincike ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba su mutu ta wannan hanya daga baya ba. Idan kuma an riga an sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai ko ruwan gishiri. A cire tufafin da maganin ya jiƙa, a ɗauki kwalbar ko ƙunshin, a nufi asibiti nan take ko da yaron na magana lafiya lau. Kumburin fuska ko wuya alama ce ta cewa numfashi na gab da toshewa.

Abin da ke gaba

Yayin da mutane ke komawa gidajensu, makarantu kuma ke sake buɗewa, za a ga yara da suka girme ajinsu, masu firgita da ƙarar babur, masu faɗa ba dalili. Idan aka karɓe su da bulala, da yawa za su bar karatun, 'yan mata su tafi ɗakin aure, samari su bi masu bindiga. Akwai kayan aiki da aka tsara don irin wannan hali. A 2023 WHO da UNICEF suka fitar da shirin EASE na 'yan shekara 10 zuwa 15: zama bakwai da yara a rukuni, uku da masu kula da su, kuma ba sai likita ba, wanda aka horar ya isa. An gwada shi a Jodan da Labanan da Pakistan da Tanzaniya. Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka, matasan da suka riƙe takaya, dafa-dukan unguwa na lokacin yaƙi, sun kuma nuna akwai hannayen da za a horar. Abin da zai sa irin wannan shiri ya kama a Mai Wurno ko a kambo shi ne a yi shi da Hausa, a kuma fara da iyaye mata, da daya, wato ungozoma, da malaman halwa, domin ɗan shekara 11 ba shi da kuɗin mota, ba shi da ikon fita, ba ya riƙe da makullin ɗakin ajiya.

Ga uwa ko uba ko gwaggo ko malamin da ya ji yaro ya ce ya gaji da duniya: kada a yi masa tsawa, kada a fara da wa'azi. A ja shi gefe, a zauna, a tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, a bar shi ya gama magana. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai a daren nan, a kwashe magunguna da kayan feshi da sibga daga gidan, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya mafi kusa ba tare da jinkiri ba.